Abin da shari'o'in 'yan haya na zamanin Sarauniya Biktoriya suka koya mini

A shekarata ta ƙarshe ta karatun tarihi, malaminmu ya ba ni aikin nazarin bayanan shari'o'in kotun Old Bailey da ke Landan, waɗanda aka riƙa bugawa daga 1674 zuwa 1913. Na zaɓi ƙararrakin da aka kai 'yan haya bisa zargin sace kayan ɗakin da suka kama a zamanin mulkin Biktoriya, wato 1837 zuwa 1901, ina tsammanin zan gamu da ƙwararrun ɓarayi.

Jerin kayan ne ya fara sanyaya mini jiki: zanen gado, bargo, rigar matashin kai, dutsen guga. Talakan Landan yakan kama ɗaki da kayansa a ciki, yana biyan haya mako-mako, kuma idan aiki ya tsaya babu abin da ya fi kusa da hannunsa kamar bargon da yake lulluɓa da shi. Sai ya kai shi shagon jingina ya karɓi 'yan kwabbai da takardar shaida. Wannan takarda ita ce sau da yawa take tona asirinsa, domin mai shagon yakan zo kotu da kayan, mai ɗakin kuma ta nuna alamar da ta ɗinka a gefen zanen ta ce nata ne. Amsar da na riƙa gani ita ce, wanda ake tuhuma ya yi niyyar fanso kayan da zarar kuɗi sun shigo, kuma a kan wannan niyya shari'ar take juyawa, ko da yake dokar sata ta 1861 ta tanadi hukunci a fili ga ɗan hayar da ya ɗauke kayan da aka ba shi haya tare da ɗaki.

Da farko tausayina duk ya koma kan ɗan haya, har sai da na natsu na karanta shaidar masu ɗakunan. Da yawansu su ma haya suke biya, wasu mata ne da mazansu suka rasu, kuma wannan ɗaki shi ne abincinsu. Ga shi a wancan lokaci wanda aka yi wa sata shi ne yakan ɗauki nauyin ƙara, ya bar sana'arsa ya yini a kotu saboda zane ɗaya.

Kuskure mafi girma da na kusa tafkawa shi ne na ƙidaya. Na lura irin waɗannan ƙararraki sun ragu a Old Bailey, na rubuta cewa satar ce ta ragu. Malamina ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya tura ni ga dokar 1855, wadda ta ba alƙalan majistare ikon yanke hukunci kan satar da ba ta wuce sule 5 ba idan wanda ake tuhuma ya yarda. Ashe ƙananan ƙararrakin ƙaura suka yi zuwa wata kotu. Dole na sake rubuta babin daga farko.