Yadda na raba motata da tunkuyin tafi-da-gidanka

Shekara 11 ke nan ina tuƙa tirela a Amurka, shi ya sa da muka sayi tafi-da-gidanka, wato gida mai taya da ake ja da mota, ban yi zaton jansa zai ba ni wahala ba. Irin wanda wuyansa ke hawa kan bodin akori-kura ne, ya sauko da turken ƙarfe mai kaurin inci 2 cikin wani faranti da aka kafa a bodin, daidai saitin tayoyin baya. Haka kan tirela ke kama bodinta, girma ne kawai ya bambanta. Motar Ford F-350 ce ta hannu, mai dogon bodi ƙafa 8, kuma da tsohon farantinta na same ta.

Tafiyarmu ta farko daga Kolombos ta jihar Ohayo muka nufi tsaunukan Simoki a Tenesi, ni da uwargida da yara uku. A kan kwalta lafiya lau. Muna hawa titin kankare, irin wanda ake zubawa falle-falle da tsagi a tsakani, sai abin ya fara: gidan ya fizgi motar baya, ya saki, ya tunkuɗe ta gaba, kamar rago na tunkuyinmu a kowane tsagi. Ina kallon ƙaramar 'yata ta madubi, kanta na kaiwa da komowa a jikin kujera. Shayin da uwargida ta zuba a murfin fulas ya ƙare a zanenta. Ba ta ce uffan ba sai da muka tsaya shan mai.

"Baban yara," ta ce, "in haka za mu riƙa tafiya, gara mu sayar da shi mu koma kama ɗaki a otal."

Maganar ta taɓa ni ƙwarai. Saboda su na sayi gidan nan: ta dafa abin da muka yarda da halaccinsa, mu yi salla a tsanake, yara su ga ƙasar da aka haife su a ciki.

Da muka dawo, niyyata in sayi faranti mai jakar iska da ke shanye gargada, mafi tsada a kasuwa, in huta. Wani dattijon direba mutumin Maraɗi da muke ajiye motoci wuri ɗaya ne ya tare ni. Ya ce, "Malam, ka hau sikeli tukuna. Kai da kake auna kayan kamfani kullum, naka ne ba za ka auna ba?" Gaskiya ya faɗa. Na je sikelin CAT na tashar manyan motoci, na auna motar da gidan a haɗe, na kwance na sake auna ta ita kaɗai. Abin da ya ƙaru a kan tayoyin motar shi ne nauyin da turken ke ɗora mata. Nauyin gidan ya kai fam 12,000, amma fam 1,680 ne kacal a kan turke, wato kashi 14 cikin ɗari, alhali ana so ya faɗa tsakanin kashi 15 zuwa 25. Gaba ya yi sakayau saboda yadda na yi lodi: tankin ruwa na baya cike, janareta da kekunan yara duk a wutsiya. Galan ɗaya na ruwa ya haura fam 8, ka lissafa galan 50. In turke bai danna faranti sosai ba, duk gargada sai ta ɗaga shi ta sauke.

Na rage ruwan, na mayar da janareta da buhun shinkafa da akwatin kayan aiki ma'ajiyar gaba. Turke ya koma fam 2,150. Tunkuyin ya ragu sosai ban kashe ko sisi ba, sai dai bai tafi ba.

Daga nan na koma kan farantin kansa, kuma a nan na fi daɗewa. Na sa dattijon ya riƙe birkin gidan yana ɗan motsa motar gaba da baya, ni kuma ina tsaye a gefe da tocila ina leƙen bakin farantin. Na ga turken na yawo a ciki, da wani siririn rata da ke buɗewa yana rufewa, kowane rufi da ƙarar ƙwas. Tsohon farantin irin mai sakata ne, wadda ke gitta bayan turke ta tare shi, ba ta rungume shi ba, kuma ta cinye har ta yi kwarmi mai sheƙi. Ratar ba ta kai kaurin fensir ba, amma in nauyin ya fi tan biyar, ita kaɗai ta isa ta zama guduma.

Na duba sabbin faranti kala uku. Kamfanin Andersen na da wanda nauyinsa bai kai fam 40 ba, mutum ɗaya ya ɗaga shi, yana kama gidan da ƙwallon ƙarfe. Ya burge ni, amma ni na saba da faranti mai muƙamuƙin ƙarfe da ke cafke turke, wanda zan haska in ga ya rufe. PullRite na da mai zamewa baya da kansa a kwana, wanda masu gajeren bodi ke buƙata don kada kusurwar gidan ta fasa gilashin bayan mota. Dogon bodina ya raba ni da wannan. Na tsaya a kan B&W Companion, da ake ƙerawa a garin Hambolt na jihar Kansas. Muƙamuƙansa biyu ne, kaurin kowane inci 1, suna zagaye turken su matse shi, kan farantin kuma na zaune a kan roba mai tauri. Ya ci mini sama da dala 1,000, ga nauyi, ko da yake yana rabuwa gida biyu. A ganina duk mai jan gida da iyali a mota, wannan matsewar ya kamata ya fara nema kafin ya saurari zancen jakar iska.

Wajen ɗaurawa na yi kuskure ɗaya. Farantin na da ramukan daidaita tsayi, na sa shi a na can sama don kada ƙasan wuyan gidan ya taɓa bangon bodi, sai hancin gidan ya ɗaga, nauyi ya koma kan tayoyinsa na baya. Bayan tafiyar awa guda na taɓa su, sun fi na gaba zafi nesa ba kusa ba. Na sauko da shi rami ɗaya, na auna da tef: inci 6 tsakanin bangon bodi da ƙasan wuyan gidan, gidan kuma ya daidaita.

Ƙarar ƙwas ta tafi gaba ɗaya. Sauran 'yar fizgar da ta rage a kan kankare, bayan wata biyu na magance ta da canja akwatin da ke riƙe turken, na sa na MORryde mai roba, wanda ke barin turken ya ɗan ba da kai gaba da baya kafin bugun ya iso mota. Ba ya hana tsalle sama da ƙasa in an hau gada mai tudu. Wannan aikin jakar iska ne, ni kuwa ba shi ne ciwona ba. Har gobe duk sanda na haɗa, sai na haska muƙamuƙin, in sa makulli a hannun farantin, in riƙe birkin gidan in ɗan ja kafin in ɗage ƙafafunsa duka, yadda nake yi wa tirelar aiki.

Bara da rani muka sake bin hanyar Tenesi. Da muka hau kankaren nan na rage rediyo ina saurare. Ana jin tsagin a ƙarƙashin taya, dum, dum, amma babu mai tura mu. Yarinyar ta yi barci tun kafin mu ƙetare kogin Ohayo a Sinsinati. Uwargida ta buɗe fulas, ta cika murfin har baki, ta miƙo mini.