Soket ya yi daidai ba shi ne kwamfuta za ta tashi ba

Yawancin masu tambayata a kan haɗa kwamfuta mai sauƙin kuɗi abu ɗaya suke fara cewa, wai sun ga furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) kaza da araha, sun ga madabod (babban allon da ake jona komai a kai) kaza, shin za su zauna tare? Kuma kafin su tambaya ma sun riga sun duba soket, wato gurbin da furosesa ke zama a kan bod, sun ga iri ɗaya ne, hankalinsu ya kwanta. To gaskiya soket matakin farko ne kawai. Akwai bod ɗin da furosesa za ta zauna a cikinsa daram, ka rufe ƙarfen, ka danna maɓalli, fanka na juyawa fitilu na ci, amma sikirin baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani ba za ka gani ba.

Shi soket ɗin dai ba shi da wahala. A wajen Intel, ƙarni na 10 da na 11 LGA1200 suke hawa, na 12 da 13 da 14 kuma LGA1700, sai Core Ultra 200 da suka fito a 2024 da nasu LGA1851. A wajen AMD akwai AM4 wanda Ryzen ya fara hawa a 2017 har zuwa jerin 5000, sai AM5 da ya zo a 2022 daga Ryzen 7000 zuwa sama. Wannan kowa zai iya haddacewa cikin minti biyar.

Inda ake faɗawa rami shi ne cifset, wato ɗan cif ɗin da ke kan bod wanda lambarsa ke cikin sunan bod ɗin, kamar H110 ko B450. Ɗauki LGA1151 misali, wanda har yanzu masu neman araha ke yawan saye na hannu. Ƙarni na 6 da 7 da 8 da 9 duk sunan soket ɗinsu ɗaya, ramin ɗaya, amma bod mai H110 ko B250 na 6 da 7 kaɗai yake karɓa, idan kana son i3-8100 ko i5-9400 sai ka nemi jerin 300 irin su H310 ko B360 ko B365. Mai sayarwa zai ce maka ai 1151 ne, kuma bai yi ƙarya ba, amma ba za ta tashi ba. Haka LGA1200, H410 da B460 ba sa ɗaukar ƙarni na 11 duk da soket ɗaya ne. A AMD ma akwai irin ta, sai dai ta juye: B550 da A520 na baya-bayan nan ne a AM4 amma a hukumance ba sa karɓar tsofaffin Ryzen 1000 da 2000, har da 3200G da 3400G, waɗanda sunansu ke ruɗin mutane su ɗauka 'yan 3000 ne na sosai alhali ƙirar cikinsu ta ƙarnin baya ce.

Sai maganar BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta, wadda a ganina ita ta fi cin mutane. B450 ya girmi Ryzen 5000, saboda haka yana iya ɗaukar 5600 amma sai an sabunta masa BIOS tukuna. B660 da H610 ma haka suke da Intel ƙarni na 13 da 14. Matsalar ita ce idan bod ɗin ya zo da tsohon BIOS, kuma furosesar da ke hannunka ita ce sabuwar da bai sani ba, to ta yaya za ka shiga ka sabunta tunda ba zai tashi ba balle ka ga komai? Ko dai ka aro tsohuwar furosesa ka ɗora ka yi aikin ka cire, ko kuma tun farko ka zaɓi bod mai ɗan maɓallin sabunta BIOS a baya kusa da ramukan USB. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Ka zuba fayil ɗin a filas da aka yi wa fomat na FAT32, ka canja masa suna yadda littafin bod ɗin ya ce, ka soka a ramin da aka ware, ka jona wuta, ka danna, wata 'yar fitila za ta yi ta ƙyaftawa na 'yan mintuna, ba furosesa ba ram. Kar ka kuskura ka zare wuta tana ƙyaftawa. Ba duk bod mai araha ke da wannan maɓallin ba, kuma ni idan bambancin kuɗin kaɗan ne wallahi gara na ƙara na sayi mai shi.

Shi ya sa abin da nake yarda da shi ɗaya ne, shafin bod ɗin a gidan yanar kamfanin da ya ƙera shi, wajen da aka rubuta CPU Support. Za ka ga dogon tebur, kowace furosesa da lambar BIOS ɗin da ta fara aiki da shi a gefenta. Ka rubuta cikakken sunan bod ɗin harafi da harafi, don B450M kaza da B450M kaza II ba abu ɗaya ba ne, kuma Gigabyte na da ɗabi'ar fitar da bod ɗaya da rev 1.0 da 1.1 da sauransu, lambar tana can a ƙananan rubutu a kusurwar bod ɗin, kowanne da nasa BIOS. Shafin PCPartPicker, mai duba dacewar kayan kwamfuta, na taimakawa sosai wajen tace kaya, amma shi ma iyakarsa ya ce maka wataƙila sai an sabunta, bai san wane BIOS ne a cikin kwalin da za a miƙo maka ba. Idan na hannu ne ka ce mai shi ya kunna ya nuna maka, ko ya buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, ya ɗauko maka hoton shafin madabod.

Ram kuma, AM4 DDR4 ne kawai, AM5 DDR5 ne kawai, nan ba ruɗani. LGA1700 ne mai fuska biyu, furosesar na iya aiki da kowanne amma shi bod ɗin ɗaya ya zaɓa, akwai B760 na DDR4 akwai na DDR5, kuma tsagar da ke ƙasan sandar ram ɗin ba wuri ɗaya take ba don haka ba ta shiga, kar ka danna da ƙarfi. Ga mai lissafin aljihu wanda yake da tsohon DDR4 a ajiye, wannan kaɗai ya isa ya yanke masa shawarar inda zai nufa.

Wani abin da ke sa mutum ya zargi bod a banza shi ne hoto. Ramin HDMI da ke bayan madabod ba shi da wani hoto na kansa, daga furosesa yake karɓa. Intel mai F a ƙarshe irin 12100F da 12400F ba ta da girafik a ciki, haka Ryzen 5 5500 da 5600 da 3600, sai mai G irin 5600G. To ka ga wanda ya sayi 12100F don ta fi araha kuma bai sa katin girafik a lissafi ba, komai nasa ya dace amma ba zai ga komai ba. Wanda kuma ya sa katin ya je ya soka wayar a bod maimakon a katin, shi ma baƙin sikirin zai gani.

Akwai kuma wanda zai tashi lafiya amma haɗin bai yi ma'ana ba, kamar ɗora i7 ko Ryzen 9 a kan H610 ko A320 mafi arha, wanda ɓangaren da ke ba furosesa wuta ko ƙarfen sanyaya babu a kansa, da aiki ya yi nauyi ya ɗau zafi sai gudu ya ragu. Ko sayen furosesar Intel mai K a ƙarshe alhali sai bod mai cifset na jerin Z ne ke barin a ƙara mata gudu. Kuɗi ne kawai aka zubar. Sannan mai niyyar Windows 11 ya sani a hukumance daga Intel ƙarni na 8 da Ryzen 2000 ake farawa, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare tun Oktoba 2025, don haka i5-6500 da i7-7700 komai araharsu a yi tunani.

Idan kayan na hannu ne a duba allurai da fitilar waya a karkace. A AM4 alluran a jikin furosesa suke, a Intel da AM5 a cikin soket ɗin bod suke, sirara ƙwarai, idan layi ɗaya ya ƙyalla daban da sauran to akwai wadda ta lanƙwashe. Wani lokaci ma kwamfutar za ta tashi, sai dai ramin ram ɗaya ya ƙi aiki, ka sa 16GB tana nuna maka 8.