Wasiƙa daga Amurka: Wa ke kashe shirin da kuke kallo?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gajiya, ya iyali, ya ibada? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama. Na san na yi alkawarin ba ku labarin hunturun ƙasar nan da wahalar sabunta takardun zama, in da hali zan taɓa su can ƙasa. Amma akwai tambayar da ta ishe ni a waya, gara in amsa ta sau ɗaya kowa ya ji. Wai me ya sa za a fara shiri mai dogon zango a talabijin ɗin Amurka, mutum ya saki jiki ya saba da jaruman, sai kawai ya ji ɗif? Wani ƙanena ya ce ko jarumin ne ya rasu, 'yar yayata kuma ta ce ko gwamnati ce ta hana. Babu ko ɗaya. Yawanci lissafi ne ke kashe shi.

Manyan tashoshin nan guda huɗu, ABC da CBS da NBC da Fox, kyauta ake kama su da eriya. Idan an ce shiri na awa ɗaya ne, to labarin kansa minti 42 ne ko 43, ragowar duk talla ce. A wannan ragowar kuɗin yake. Hajar tashar ita ce idanun masu kallo, mai saye kuma shi ne kamfanin mota ko na magani ko na lemo da ke son a ga kayansa. Shirin da kuke so ɗin nan, aikinsa kawai ya riƙe ku a kujera har tallar ta zo. To tunda idanu ake sayarwa, dole a samu mai ƙirga su, wanda mai saye da mai sayarwa duk suka yarda da shi. Wannan shi ne kamfanin Nielsen, wanda Arthur Nielsen ya kafa a Chicago a 1923, ya kuma fara auna masu kallon talabijin a 1950.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake ƙirgar. Ƙasar da ke da gidaje sama da miliyan 120 masu talabijin, amma gidajen da aka sa wa na'urar awo wajen dubu 42 ne kacal. Ke nan gida ɗaya yana tsaya wa gidaje kusan dubu uku. Kamar dai mai sayen hatsi ne da zai zura hannu cikin buhu ya damƙo kaɗan ya duba, ya yanke wa buhun gaba ɗaya hukunci. Kuma ba a neman shiga, su ne ke zaɓar gida, ana kuma jan kunnen mutanen gidan kada su faɗa wa kowa, don kada wata tasha ta biyo su da toshiyar baki.

Wani abokin aikina da aka taɓa zaɓar gidansa, sai bayan an cire na'urar ya ba ni labari. Wani ɗan akwati ne ake jonawa da talabijin, da rimot ɗinsa daban, kowa a gidan yana da maɓallinsa: maigida, uwargida, kowane yaro. In ka zauna kallo ka danna naka, in za ka tashi ka sake dannawa. In an jima ba a taɓa shi ba, fitilun akwatin su fara ƙyafta ido, wato har yanzu kuna nan? Ya ce ranar da surukarsa ta zo, kafin ta sha ruwa sai da aka tambaye ta shekarunta, domin baƙo ma sai an shigar da shekarunsa da jinsinsa. Ta ce ita ba a taɓa yi mata wannan tambayar a gidan 'yarta ba. Irin wannan akwati tun 1987 ake amfani da shi. Kafin nan, har ma bayan nan a ƙananan garuruwa, ɗan littafi ake aiko wa mutane ta gidan waya, da 'yan daloli a cikin ambulan, su riƙa rubuta abin da suka kalla da biro na tsawon mako guda. Sai a 2018 aka daina wannan. Ku duba fa, harkar biliyoyin daloli ta rataya a kan ko wata tsohuwa ta tuna ta rubuta abin da ta kalla daren Talata! Yanzu dai suna haɗawa da bayanan da ake tattarowa daga dikoda da talabijin masu intanet na miliyoyin gidaje, amma waɗancan gidajen da aka zaɓa su ne har yau ma'aunin da ake gyara sauran da shi.

Daga nan ake fitar da maki. Maki ɗaya yana nufin kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen da ake aunawa. Kuma a nan ne abin da ke ƙona mini rai yake, ku yi haƙuri in ɗan daɗe a kansa. Ba kowane ido ne ke da daraja ɗaya ba. Makin da aka fi dubawa a shirye-shiryen dare shi ne na 'yan shekara 18 zuwa 49, inda maki ɗaya ya kai mutum wajen miliyan 1.3. Ranar da ka cika hamsin, ka fita daga wannan lissafi. Kana nan da ranka da lafiyarka, kai ke biyan kuɗin wuta, kai ka sayi talabijin ɗin, wataƙila ma kai ne mai kuɗin sayen motar da ake tallatawa, amma an ajiye ka gefe. Hujjar masu talla ita ce wai babba ya riga ya saba da sabulunsa da motarsa, ba a sauya masa ra'ayi da talla, sannan kullum yana gaban talabijin, ba wuyar samu gare shi ba. Matashi kuwa sai an yi farautarsa, don haka ya fi tsada. Ni da furfura ta fara leƙowa, wannan hujja ba ta gamsar da ni ba ko kaɗan. Na sha ganin dattawa a kantuna suna juya sabuwar waya a hannu suna tambayar farashi, yaron da ake ta rububi a kansa kuma yana tsaye a baya aljihu wayam. Amma wa ya tambaye ni?

Kuma abin ba yau ya fara ba. A wajajen 1971 tashar CBS ta share jerin shirye-shiryenta na rayuwar ƙauye, alhali jama'a na kallonsu, don kawai masu kallon tsofaffi ne da mutanen karkara, ita kuma matasan birni take nema. Saboda haka in kun ji an soke shiri mai 'yan kallo miliyan shida an bar mai miliyan huɗu, kada ku ce son kai ne. A duba shekarun masu kallon tukuna.

Akwai kuma wani ƙarin ƙulli. Tun 2007, kuɗin talla ba a kan masu kallon shirin ake yanka shi ba, a kan waɗanda suka zauna lokacin da tallar ke gudana ne, ko kai tsaye ko a cikin kwana uku ga wanda ya naɗa ya kalla daga baya. Wasu cinikin ana kai su kwana bakwai. Wanda ya naɗi shiri ya tsallake talla, ko ya bari sai bayan wata guda, a wurin mai talla kamar bai kalla ba ne.

To me ya sa ake gaggawar yanka sabon shiri? Ku bi kalandar. A watan Mayu tashoshi ke tara masu talla a New York, su nuna musu abin da za su fitar, su sayar da mafi yawan lokacin tallar shekara tun shirin bai fito ba, tare da alkawarin cewa mutum kaza za su kalla. A watan Satumba sababbin shirye-shirye ke fitowa. Bisa al'ada ana ba sabon shiri kashi 13, wato fitowa 13, in ya yi kyau a ƙara masa 9 ya cika 22. Ana nuna shi da dare, washegari alƙaluma sun fito. In ba su kai alkawarin da aka yi ba, tashar ta ci bashi, sai ta biya mai talla da wasu mintocin kyauta, mintocin da da ta sayar. Ga kowane kashi yana cin miliyoyin daloli. Ga kuma shirin da ke biye da shi, shi ma yana shan wahala, tunda wanda ya sauya tasha ba lallai ya dawo ba. Ana duba ko sabon shirin ya riƙe mutanen da na gabansa ya bar masa, ana duba ko mako na biyu ya faɗi ƙasa da na farko. Su a wurinsu Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Maimaita tsohon shiri ko saka gasar waƙa ya fi musu arha. In kuma kun ga an ɗauke shiri an kai shi daren Juma'a, lokacin da matasa ke fita yawo, ku fara yi masa addu'a.

A 2010 Fox ta fitar da Lone Star, masu sharhi suka yi ta yabo, mutum wajen miliyan huɗu suka kalli kashin farko, bayan kashi na biyu aka rufe shi. Yau shirin da ya samu wannan adadi ba lallai a taɓa shi ba, don kasuwar ta tsinke. A 1983 sama da mutum miliyan 100 ne suka kalli kashin ƙarshe na M*A*S*H, yanzu kuwa in ba wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka ba, babu mai tara wannan jama'a. Amma gaggawa ba kullum take da riba ba. Cheers da ya fara a NBC a 1982 kusan shi ne kurar baya a shekararsa ta farko. An yi masa haƙuri, ya yi zango 11, ya zama cikin manyan shirye-shiryen ƙasar. A ganina da a zamanin nan ya fito, da wuya ya ga watan Disamba.

Wani abin da masu kallo ba sa gani shi ne mallaka. In kamfanin da ya mallaki tashar shi ne ya shirya shirin, akwai sauran kuɗi a gaba: a sayar wa ƙasashen waje, a sayar wa manhajojin kallo, in ya kusa fitowa 100 a sayar wa ƙananan tashoshi su yi ta maimaitawa. Irin wannan ana iya jure masa ko yana ɗingishi. Wanda aka yi haya daga wani kamfani kuwa, ba a daɗewa ana lallashinsa. A Mayun 2018 Fox ta soke Brooklyn Nine-Nine, washegari NBC ta ɗauke shi, kuma ba tausayi ba ne zalla, ai kamfanin gidansu ne ke shirya shi tun farko.

Kuna tambaya ko koken masu kallo yana aiki. Wani lokaci. A 2007 da CBS ta soke Jericho, masoyansa suka yi ta aika wa ofisoshin tashar gyaɗa, har ta kai tan 20. Tashar ta sakko, ta ba da ƙarin kashi 7. Makin bai tashi ba, a 2008 aka sake rufe shi. An ci gyaɗa dai.

Na so in yi dogon bayani kan Netflix da ire-irenta, tunda Nielsen ya ce a Mayun 2025 kallo ta intanet ya zarce na eriya da na kebul a haɗe, amma takarda ta yi tsawo. A taƙaice, su ba sa jiran kowa ya ƙirga musu, suna ganin wanda ya fara, da inda ya tsaya, da wanda ya kai ƙarshe. Sai su auna da abin da shirin ya ci. Shi ya sa shirin 1899 na Netflix ya shiga jerin goman farko amma aka soke shi bayan zango ɗaya. Batun takardun zama kuwa sai wata wasiƙar, sanyi kuma ku ɗauka akwai shi.

Ni dai yanzu ba na fara sabon shiri sai na ji an ba shi zango na biyu, ko an ce labarin gajere ne mai ƙarshe. Ku da ke kallo daga gida, ku sani akwatin nan ba ya ganinku, don haka duk son da za ku yi wa shirin tashar Amurka ba ya shiga makinsa. A manhaja ne kawai ake ƙirga ku, in da biyan kuɗi kuke kallo. Nan kam in shiri ya burge ku, ku kalle shi a makonnin farko, kuma ku kai shi ƙarshe. Wanda ya turo muku ta waya kuwa, ku tambaye shi zango nawa aka yi kafin ku ɓata dare.

A gaida mutanen gida, a kuma sa mu a addu'a.

Naku,
Ɗan uwanku a Amurka