Tayar da tsohon jirgin su da amalankensa ba tare da aljihu ya huje ba

Duk wanda ya zagaya bakin madatsar ruwa ta Lagdo ko ta Maga a arewacin Kamaru ba zai rasa ganin jirage a kife ba, wasu har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Da yawansu suna da sauran rai. Abin da ke karya mai ƙaramin ƙarfi idan ya sayi irinsu da araha shi ne ya fara da fenti, jirgi ya yi kyau a ido, kuɗi ya ƙare, ran da aka tura shi ruwa kuma a koma kwarfa da ƙwarya. Kuɗin gyara layi yake bi: katakon baya da ke ɗaukar inji, sai ƙasan jirgi, sai injin, sai ƙafafun amalanken da ake ɗora jirgin a ja da mota. Fenti ya jira canjin da ya rage.

Lokacin aikin ma sai an duba. Hutun kamun kifi da ake yi a madatsun nan daga Yuli zuwa Satumba shi ne lokacin da masunci ke da sarari, amma damina ce, katako ba ya bushewa sai an yi masa rumfa an ɗaga shi kan duwatsu iska na shiga ta ƙasa. Hunturu kuma nasa sharrin daban: katako yana tsukewa, tsagar da ke tsakanin alluna ta buɗe har yatsa ya shiga. Wanda ya cusa auduga ya danne ta da ƙarfi a wannan hali, da jirgin ya sha ruwa katako ya kumbura, sai ya ga ƙusoshi suna fitowa da kansu. A hunturu sassauta hannu ake yi.

Kafin ka biya ko sisi, ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma. Ƙwanƙwasa kowane allo. Mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa kamar an bugi kabewa. Inda ka yi shakka soka sukundireba, in ta nutse rabin santimita ba tare da ka sa ƙarfi ba, zana wurin da gawayi. Ka fi matsa wa kusurwoyin baya, gindin katakan haƙarƙari inda ruwan sama ke kwanciya, da kewayen duk ƙusar da ta yi baƙin zobe. Zoben nan tsatsa ce ta ci katakon da ke riƙe da ƙusar, ko da kanta yana nan kamar lafiya lau. Idan haƙarƙarin ya ruɓe fiye da rabi, bar jirgin nan, kuɗin da zai ci ya kai na sabo.

Wajen sayen katako kada araha ta ja ka zuwa farin nan mara nauyi da ake ce wa ayus. Na silin ne da akwati, ba ya daɗewa a ruwa. Iroko ko jan katako irin sapeli, waɗanda ake hawo da su daga kudancin Kamaru ta Ngaundere, su ne na ƙasan jirgi, kauri santimita 2.5 zuwa 3. Tun da tsada gare su, ba sai ka canza allo sukutum ba. Yanke ruɓar ka ƙara santimita 15 zuwa 20 cikin mai lafiya ta kowane gefe, ka sa bakin yankan ya faɗa kan haƙarƙari don ƙusa ta sami abin kamawa. In bai faɗa ba, a ɗora guntun katako ta ciki ya haɗe bakin biyu. Faci biyu da ke maƙwabtaka kada su ƙare a haƙarƙari ɗaya, nan jirgi ke karyewa idan igiyar ruwa ta ɗaga shi ta sake. Ƙusa a nemi mai rufin farin ƙarfe, wadda ake kira galba, a huda mata rami da bai kai kaurinta ba, domin iroko yana tsagewa in an buga masa ƙusa kai tsaye kusa da baki. Tsinin da ya ɓullo ta ciki a lanƙwasa shi ya koma cikin katako.

Katakon baya kuwa ba a yi masa faci, in ya taɓu a cire shi gaba ɗaya. Kaurinsa ya kai santimita 4 zuwa 5, a ɗaure shi da noti mai milimita 10 da manyan washa, wato zoben ƙarfe da noti ke dannewa, a sa masa tokare a kusurwa biyu. Tsayinsa injin ne ke faɗa: mai gajeriyar ƙafa yana son kusan santimita 38, mai doguwa kusan 51, ta yadda faifan da ke saman farfela zai daidaita da ƙasan jirgi. In ya yi sama farfela ta riƙa shan iska, inji na ihu jirgi ba ya tafiya. In ya nutse da yawa, mai kawai kake ƙonawa.

Toshe tsaga shi ne aikin da ke son haƙuri. A ƙwaƙule tsohuwar kwalta da tsumma duka da lanƙwasasshiyar ƙusa har a ga katako. A murza auduga kamar lagwani, a jiƙa ta da fentin mai, a tura da dakusasshen ƙarfe har ta cika kashi biyu cikin uku na zurfin, sauran a cike da kwalta mai zafi. Kwalta zalla tana narkewa ta zube a zafin Afrilu, shi ya sa ake zuba mata ɗan garin katako da aka tankaɗe ta yi jiki. Tukunyar ta kasance busasshiya ƙarau, ɗigon ruwa ɗaya cikin tafasasshiyar kwalta yana watso ta a fuska. In za a sirka da kananzir, a sauke daga wuta a matsa nesa tukuna, fetur kuwa kada ya zo wurin. A ajiye bokitin yashi kusa.

Yanzu an shiga yayin lulluɓe jirgi da faiba. Ba mu hana ba, amma ba ta kama katakon da ya taɓa shan kwalta ko mai, kuma in an rufe katako da danshi a ciki, ruɓa take ci a ɓoye. Ga busasshen katako da aka kankare, tabarmar faiba mai giram 450 tana shan fiye da kilo ɗaya na ruwan rezin a kowace murabba'in mita. Maganin daskarewa mililita 10 zuwa 20 ne a lita, a zafin Garwa tsaya a 10, ka dama rabin lita rabin lita da sassafe. Wanda ya dama da yawa da rana tsaka, kafin ya shafa rabi sauran ya yi zafi ya zama dutse a cikin roba.

Inji, yawanci Yamaha mai doki 15 ko 40 ake samu na hannu. Kada a tayar da shi a busasshe ko na ɗan lokaci, robar da ke jan ruwan sanyaya shi tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya. A tsoma ƙafar a ganga. In bai yi fitsari da ƙarfi ba, wato ruwan sanyayawa bai tsarto da ƙarfi ba, kashe shi, a canza robar. Ruwan Binuwai da Logon na damina yashi gare shi, yana cinye ta da wuri, don haka canza ta duk shekara ba ɓarna ba ce. Kwance notin man giya na ƙasa ka duba: in ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga. Cire farfela, sau da yawa za ka tarar zaren koma ya nannaɗe a sandar ya yanke robar da ke tare mai. Sabon mai lamba 90 ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a rufe na sama kafin na ƙasa. Haɗin man inji da fetur ɗaya cikin 50 ne, wato rabin lita a tanki mai lita 25. Idan fetur ɗin da ake kira zuwa-zuwa kake saye a bakin hanya, zuba kaɗan a farar kwalba ka bar shi ya kwanta, ruwan da ke ciki zai taru a ƙasa ka gan shi da idonka. Fulogi, ko buji kamar yadda ake faɗa a nan, a ajiye sabo a leda cikin jirgi.

Amalanken ɗaukar jirgi, wanda wasu ke kira remok, galibi da aksul ɗin tsohuwar mota aka ƙera shi. Bi ƙarfensa da guduma kamar yadda ka bi katako. Bututu mai rufaffen ciki shi ne mayaudari, ruwa na kwana a ciki tsatsa ta ci daga can, waje kuma fenti na sheƙi. Inda ya lotsa a yanke, mai walda ya goge har ƙarfe ya yi fari, ya ɗora faci da ya zarce wurin ta kowane gefe, sannan a huda ƙananan ramuka a ƙasa ruwa ya riƙa fita. Jan fentin tsatsa shafi biyu ya isa.

Abin da ya fi barin mutane a hanyar Lagdo zuwa Garwa shi ne boris. Ɗaga ƙafa da jak ka girgiza ta, ka juya ka saurara. In tana gurnani, kwance, wanke da kananzir, duba ko ya yi ramuka ko ya sauya launi zuwa shuɗi. In za a canza, a canza har da zoben da yake gudu a kai, da robar baya. A cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Notin a ɗaure ana juya ƙafar har ta ɗan yi nauyi, sannan a sassauta kaɗan a sa fil. Wani babban dalilin mutuwar boris shi ne: an iso da shi da zafi an tura cikin ruwa, ya huce farat ɗaya ya zuƙo ruwa. Minti ashirin na jira a bakin gaɓa, kafin a gama kwance igiyoyi da gaisawa da mutane, ya wadatar.

Taya ta hannu a karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta. 3219 na nufin mako na 32 a 2019. Mai zane da kyau amma gefenta ya tsattsage, rana ta gama da ita. Jirgin ya kwanta kan dogayen katako biyu da aka lulluɓe da tsohuwar roba, su kai har ƙarƙashin katakon baya. Nauyin da ke kan bakin jan ya zama kusan kashi ɗaya cikin goma: in jirgi da amalanke kilo 500 ne, kusan 50, abin da namiji zai ɗaga da ɗan nishi. In ya tashi da yatsa biyu, zai yi ta wutsiya a kan kwalta, sai a matsar da jirgin gaba ko aksul baya. A ƙara sarƙa ko da ƙugiya ta kuɓuce, inji kuma a sauke shi a kwantar a mota.

Gwajin yoyo a tudu ake fara shi. Zuba ruwa ya rufe ƙasan da santimita 10 kawai, kada ka cika, nauyin zai tura alluna waje. Leƙa ta ƙasa da alli a hannu. Bayan an tura shi ruwa, a ɗaure shi a wuri mara zurfi kwana biyu ko uku katako ya sha ya kumbura, yoyon ranar farko ba abin tsoro ba ne. Wanda ya rage a rana ta uku shi za a sake bi da auduga. Amalanke kuma, bayan kilomita biyar na farko, tsaya ka ɗora tafin hannu a tsakiyar kowace ƙafa. In ɗumi ne ci gaba, in ba ka iya barin hannun a kai ba noti ya matse, fito da jak.