Tafiyata Filadelfiya Kallon WrestleMania ta 40

Girgizar ƙasa ce ta yi mana rakiya. Da safiyar Juma'a 5 ga Afrilun 2024 muna cikin haɗa kaya a New York, ni da ɗan yayata, sai gilasan taga suka ɗauki rawa na 'yan daƙiƙu. Daga baya aka sanar cewa daga jihar New Jersey ta taso, ƙarfinta maki 4.8. Ba ta yi wata ɓarna mai yawa ba, amma ta sa jiragen ƙasa rage gudu don a duba layin dogo, tafiyar Filadelfiya da aka saba yi cikin kimanin awa ɗaya da rabi ta ɗan ja. Ban ji tsawonta ba, domin taragon da muka shiga cike yake da masoya resilin masu zuwa WrestleMania, babban wasan kokawa na shekara-shekara na kamfanin WWE. Wasu sun rataya bel na kwaikwayo a kafaɗa, wasu sun sa rigar Cody Rhodes mai neman babban kambu, wasu ta Roman Reigns mai riƙe da shi, kuma tun kafin jirgi ya bar gari gardama ta kaure.

Babu wanda ke cikin taragon nan da bai san cewa tun kafin a hau dandali an riga an tsara wanda zai ci da wanda zai faɗi ba. Ba a kan wannan ake musu ba. Ana musu ne a kan ko masu tsara wasan sun yi adalci: wa ya cancanci kambu, yaushe ya kamata a ba shi, ta hannun wa ya kamata zakara ya faɗi. Wani dattijo mai furfura da ke zaune gaba da mu ya ce shi har gobe bai yafe abin da aka yi a California a 2023 ba, lokacin da Cody ya kai gab da cin Roman, Solo Sikoa, ɗan'uwan Roman, ya faki idon alƙalin wasa ya bugi Cody a maƙogwaro. Ɗan yayata, wanda ba ya haɗa Roman da kowa, ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, da Cody ya ci a bara, me za mu je kallo yau?"

A nan na tsaya tsakaninsu. Jinkirin shekara guda ina iya karɓarsa, domin jarumin da bai sha kaye ba nasararsa ba ta da nauyi. Abin da ban karɓa ba shi ne na watan Fabrairu. Cody ya ci gasar Royal Rumble, wadda ke ba mai nasara damar neman kambu a WrestleMania, karo na biyu a jere, ya nuna Roman da yatsa a gaban duniya, sannan ranar 2 ga Fabrairu aka fito da shi ya ce ya janye, ya bar wa The Rock, tsohon zakaran da ya koma fim, fagen karawa da Roman. Mutumin da shekara biyu yake cewa zai ɗauko kambun da mahaifinsa Dusty Rhodes ya riƙe a hannu a Madison Square Garden a 1977 amma aka karɓe saboda ƙa'ida, a ce shi ne zai matsa gefe don baƙo ya shigo? 'Yan kallo suka ƙi. Suka cika intanet da zaurukan wasa da kiran cewa Cody suke so, suka riƙa yi wa The Rock ihun ƙi. Cikin mako guda labari ya juya: a taron Las Vegas na 8 ga Fabrairu Cody ya dawo da haƙƙinsa, The Rock ya zabga masa mari, ya koma mugu. Dattijon ya buga ƙirji ya ce, "Mu muka yi wannan." Ban musa masa ba.

Mun sauka a tashar 30th Street, muka ajiye kaya, na ce kafin komai sai mun je kudancin gari. A mahaɗar titin Swanson da Ritner akwai wani gini mai kama da sito, wanda yanzu ake kira 2300 Arena. Nan ne gidan kamfanin ECW a shekarun 1990, inda Paul Heyman ya tara 'yan wasan da manyan kamfanoni ba su damu da su ba, ya tara 'yan kallon da ba sa ɓoye abin da ke ransu. Kamfanin ya durƙushe a 2001, amma halin 'yan kallonsa ya zauna a garin. A daren Juma'ar nan aka karrama Heyman a zauren Wells Fargo Center, kuma a wannan zauren ne a Janairun 2015 Roman Reigns ya ci Royal Rumble aka yi masa ihun ƙi har The Rock ya fito ya ɗaga hannunsa, ihun bai ragu ba. Lokacin kamfanin WWE na son ya ɗora shi a matsayin jarumi, jama'a kuwa Daniel Bryan suke so. Sai a 2020 aka bar Roman ya zama mai girman kai da mulkin mallaka a kan danginsa, Heyman na rakuɓe a bayansa, daga nan ne ya zama abin kallo. Na tsaya gaban wannan gini ina lissafi: mutum biyun da garin nan ya ƙi a matsayin jarumai shekara tara da suka wuce, su ne za su shigo gobe a matsayin miyagu, kuma kowa ya sayi tikiti da murna.

Ranar Asabar da yamma muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa na titin Broad har tasharsa ta ƙarshe, muka bi ayarin mutane zuwa filin Lincoln Financial Field. Filin ba shi da rufi, iska kuwa tana kaɗawa mai ratsa ƙashi. WWE ya sanar da mutum 72,543 a daren, kuma da yawanmu hannu a aljihu muka yi kallon. Masu kallo a talabijin sun yi ta ƙorafin cewa filin ya yi shiru. Sanyi ne, kuma sauti a buɗaɗɗen fili sama yake tafiya.

Rhea Ripley da Becky Lynch suka buɗe dare da wasa mai kyau, Rhea ta riƙe kambunta. Wasan tagwaye Jey da Jimmy Uso, 'yan'uwan Roman (Jimmy na tare da shi, Jey ya ɓalle), wanda aka daɗe ana jira, bai kai ba. Shuri suka yi ta yi wa juna iri ɗaya har mutane suka fara duba waya, ga shi labarin 'yan'uwan nan ya fi ƙarfin abin da aka ba su.

Wasan da ya raba kan layinmu shi ne na Gunther da Sami Zayn. Gunther, ɗan Ostiriya, ya riƙe kambun Intercontinental kwana 666, babu wanda ya taɓa kaiwa haka. Marinsa a ƙirji har saman filin muke jin ƙararsa. Wata mata da ke gefenmu ta ce wannan dama ta Chad Gable ce, shi ne ya sha wuya a hannun Gunther a gaban 'yarsa tana kuka, shi ya kamata ya rama. Hujjarta tana da ƙarfi. Amma da Sami ya ɗaga Gunther ya dasa kansa a kan kusurwar igiya, ya bi shi da shuri har aka ƙirga uku, ita ma tsaye na gan ta tana tafi. A ganina Sami ya cancanta. Shi ne a 2023 ya ɗauki labarin dangin Roman a kafaɗarsa har Montreal, garinsu, ya faɗi a gaban mutanensa. Bashi ne da ya daɗe yana bi aka biya shi.

Babban wasan daren ya haɗa The Rock da Roman a gefe guda, Cody da Seth Rollins a ɗaya gefen, ya haura minti arba'in. Ya yi tsawo a farko, ba na ɓoyewa, amma The Rock mai shekara 51 ya ba ni mamaki yadda ya jure. Ya tsorata alƙalin wasa da kora don kada ya ƙirga, ya danne Cody aka ƙirga uku. Sharaɗin shi ne tunda sun ci, a wasan kambu na gobe tsakanin Roman da Cody babu doka, dangin Roman na iya shiga yadda suke so. Muka fito jiki a sanyaye, ɗan yayata kaɗai ke ɗaga yatsa sama.

Lahadi sanyin ya sassauta, filin ya farka. Drew McIntyre ya ci Seth ya ɗauki kambun duniya, kuma na ji masa daɗi ƙwarai, domin wanda ya ci a 2020 a ɗakin da babu ɗan kallo ko ɗaya ya ci shi, lokacin annoba. Maimakon ya tafi, sai ya hau teburin masu sharhi yana tsokanar abokin gabarsa CM Punk da ke zaune a wurin. Punk ya ja ƙafarsa, Damian Priest ya sheƙo a guje da jakar da ke ba shi damar neman kambu a kowane lokaci, cikin minti biyar da 'yan daƙiƙu mulkin Drew ya ƙare. Wasu sun ce an wulaƙanta shi. Ni dai na ga tsari mai ma'ana: ƙiyayyarsa ce ta kayar da shi, kuma kowa ya fita yana son ganin ranar da zai haɗu da Punk. Bayley ma ta karɓe kambu daga Iyo Sky a wasan da na fi so a tsakiyar daren.

Sai babban wasa. Da Cody ya fito mutum sama da dubu saba'in suka amsa kiɗansa da murya ɗaya, na ji siminti na motsi a ƙarƙashin ƙafata. Rabin farko kokawa ce tsantsa tsakanin mutum biyu. Daga nan aka fara shigowa: Jimmy ya zo Jey ya tare shi, Solo ya zo John Cena ya tare shi, The Rock ya zo ya kwantar da Cena. Fitilu suka ɗauke, ƙararrawa ta kaɗa, Undertaker ya bayyana ya shaƙe The Rock ya buga da ƙasa. Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Akwai masu cewa abin ya yi yawa, an mai da nasarar Cody aikin gayya. Ban yarda ba. Shekara uku da rabi Roman yana tsira da taimakon danginsa, don haka sai an share masa su ɗaya bayan ɗaya kafin faɗuwarsa ta gamsar.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo bayan wannan. Roman na riƙe da kujerar ƙarfe, Cody a gabansa, Seth a gefe sanye da baƙaƙen kayan ƙungiyarsu ta dā, The Shield. A watan Yunin 2014 Seth ne ya ɗauki irin wannan kujera ya narka wa Roman a baya ya rusa ƙungiyar. Roman ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya zaɓi Seth. Tsohon ciwo ya fi masa kambu. Wannan daƙiƙar Cody ya samu ya kama shi, ya murɗa shi ƙasa sau uku a jere, aka ƙirga uku. Mulkin kwana 1,316 ya ƙare, kuma da zaɓin Roman kansa ya ƙare. Duk wanda ya kawo wannan shawara ya yarda cewa 'yan kallo ba su manta abin da ya faru shekara goma baya ba, kuma ba mu manta ba. Mai sanarwa Samantha Irvin muryarta na rawa ta faɗi sunan sabon zakara, Cody ya miƙa bel ɗin ga mahaifiyarsa. Na waiga na ga manyan maza suna share ido.

Ɗan yayata bai ce komai ba har muka kai layin jirgi, inda muka daɗe a tsaye saboda cunkoso. A can gardama ta riga ta koma gaba. Wani na cewa Gunther ya kamata a ɗaga zuwa babban kambu tunda ya sauke ƙarami, wani na cewa The Rock ya danne Cody jiya don haka akwai sauran magana tsakaninsu, wata na tsoron kada Cody ya rasa abin faɗa yanzu da ya samu abin da yake nema. Wannan tsoron nata ni ma ina da shi, domin neman kambu ya fi riƙe shi sauƙin tsarawa. Sai yaron ya taɓa hannuna ya ce, "Kawu, ka lura har da masu rigar Cody sun yi wa Roman tafi da yana fita? Ranar da ya dawo, da shi za su tsaya." Na ce masa in har an bar shi ya huta, aka bar Solo ya hau kujerarsa ya yi ɓarna, to haka za a yi. Wani matashi da ke bayanmu ya ce Solo bai kai ya riƙe dangin ba tukuna, muka shiga jirgi muna wannan musu har tsakiyar gari.