Ranar da Kawu ya hau iska

Talata, bayan isha'i.

Yau na raka Kawu wani gidan rediyo a nan cikin gari. An gayyace shi ya yi bayani kan farashin gero da masara a kasuwar Dawanau. Mutumin da rediyo ba ta barin kunnensa tun yana kama Sashen Hausa na BBC a gajeren zango, amma tun da yake bai taɓa leƙa ɗakin watsa shirye-shirye ba.

A saman ƙofar akwai wata jar fitila da aka rubuta ON AIR a jikinta. Ya dafa ni ya ce, "Kai ɗan boko, me suka rubuta can?" Ni da karambani na juya masa ita kalma da kalma, na ce, "A kan iska." Ya ja da baya. "Iska kuma? A'uzubillahi! Ni maganar hatsi ta kawo ni." Na manta a wurinsa iska ta mutanen ɓoye ce, in ba haka ba ta 'yan iska.

Mai kula da na'urori ne ya cece ni. Ya ce, "Baba, in ta kama, duk abin da ka faɗa Kano na ji. In ta mutu an sauka ke nan, shi ne off air." Sai ya ƙara da abin da ni ma ban sani ba, wai on air daban, live daban. Shirin da aka naɗa jiya, in yanzu ake saka shi, on air yake amma ba kai-tsaye ba ne. Akwai kuma dead air, shirun nan da kan gifta ana tsakiyar shiri, wanda ma'aikatan rediyo suka ƙi jini.

Abin dariyar ma, saƙon rediyo ba ya buƙatar iska kafin ya isa. A 1969 an ji muryar Neil Armstrong daga duniyar wata, inda ba iskar shaƙa ko kaɗan. A ganina "watsa" ɗinmu ya fi zama daidai, don takwararta ta Turanci, broadcast, ita ma asalinta kalmar manoma ce, yafa iri a gona.

Fitila na kamawa, wayar Kawu ta ɗau ruri. Ya kuwa ɗauka! Ya ce, "Ina kan iska, zan kira ka." Kafin ɗan sahu ya kawo mu Ƙofar Ruwa, mutum huɗu sun kira suna tambayarsa ko ya sauko.