Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Jini Ya Ce Akwai, Hoto Ya Ce Babu

A makon jiya na tsaya ne a inda aka cire mini tayiroid (wata gaɓa ce a gaban wuya da ke daidaita aikin jiki) gaba ɗaya saboda ciwon daji, tare da kaluluwar tsakiyar wuya da ta gefen dama. Na sha ayodin ɗin nan mai ƙone ragowar ƙwayoyin cutar, aka ɗora ni a kan levothyroxine, maganin da ke maye gurbin aikin tayiroid, kullum da safe. Na ɗauka ciwon daji ya zama labari.

Bayan shekara 2 sai gwajin jini ya fara tayar mana da hankali. Akwai wani sinadari, tayiroglobulin, wanda ƙwayoyin tayiroid kaɗai ke samarwa. Wanda aka cire masa tayiroid, ya kamata nasa ya kusa ɓacewa. Nawa kuwa kullum sama yake yi, alamar akwai sauran ciwon a wani wuri. Sau 3 ana goga mini na'urar sikanin a wuya, ba a ga komai ba. Wallahi wannan zaman jiran ya fi mini tiyatar wuya. Ka san maciji na cikin ɗaki, amma ba ka san lungun da ya shige ba.

Daga baya likita ya ce a yi MRI, wani hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Ranar da sakamako ya fito ya juyo da allon wajena.

"Hajiya, kin ga ƙullutun nan? Bayan maƙogwaro ne, can sama kusa da gindin ƙoƙon kai."

Ya ce likitoci sun raba kaluluwar wuya shiyya-shiyya. Irin ciwona, dajin tayiroid da ake kira papilari, yakan fara sauka a shiyya ta 6, wato tsakiyar wuya, sannan ya gangara gefe, shiyya ta 2 zuwa ta 4. Bayan maƙogwaro ba kasafai yake zuwa ba, hannu ba ya taɓa wurin, sikanin ma ba ya hango shi sosai. Na tambaye shi ta yaya ya kai can. Ya ce tiyatar farko tana iya toshe hanyoyin ruwan kaluluwa, sai ruwan ya juya baya, kamar kwatar da ta toshe.

Maigidana, wanda bai ce uffan ba tun shigowarmu, ya ce, "Likita, zai ciru?"

Ya ce zai ciru, ko ta wuya ko ta cikin baki, amma ƙullutun na maƙwabtaka da babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, don haka sai ya zauna da likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya ba mu mako 2.

A mota na kira Yaya, na kasa magana. Abin da likitocin suka yanke, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.